Yaƙin teku a kan tabarma: wa ke aikau, wa ke karɓau?

Ina ruwan biri da gada? Tambayar da ake fara jefo mani ke nan duk lokacin da aka ji labarin wasan nan. Ɗan Filinge, wanda babban ruwan da ya sani bai wuce tabkin damina da rijiyoyin Dallol ba, ya zauna yana jera jiragen yaƙin Ingila da na Faransa a kan tabarma. Bayan wannan tambaya akwai wadda ta fi ta nauyi: a jihar Tillaberi, inda yaƙi ke cin mutane da gaske, ya dace matashi ya maida yaƙi abin wasa? Ni a ganina ya dace, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan ne ya sa na ɗauki bik.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Ana shimfiɗa shuɗin zane a ce shi ne teku. A ɗora ƙananan jirage, kowane bai wuce tsawon yatsa ba, kowane da sunansa da takardarsa. A takardar an rubuta yawan igwoginsa, da ƙarfin jikinsa, da saurinsa, da mutanen da ke ciki. A gefe a aje kibiya mai nuna inda iska ke kaɗawa. In layinka ya zo, ka ɗauki rula ka auna santimita nawa jirginka zai yi, ka juya shi iyakar yadda doka ta yarje maka. In abokin gaba ya shigo inda igwa ke kaiwa, ka jefa ɗan ludo, abin da ya nuna shi ne ɓarnar da ka yi. A Turai da Amurka sayen kayan ake yi cikin kwali, irin su Black Seas da Sails of Glory, jiragen roba masu kyan gani. Mu kuwa a fadarmu ta ƴan jami'a a Yamai, karan dawa muka fere, tsinken tsintsiya ya tsaya a tsakiya, takardar kaye ta zama filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa. Duk wanda ya yi motar kara yana yaro ya iya wannan. Dokokin da Faransanci suke, daga intanet muka sauko da su muka buga fotokofi, ni aka ɗora wa aikin maida su Hausa, wai ai ni ne ɗan sashen harsuna.

Kada wani ya ce jirgin kara ya rage wa wasan daraja. Tun shekarar farko aka karantar da mu cewa Ferdinand de Saussure, a littafinsa da aka fitar a 1916 bayan mutuwarsa, ya kwatanta harshe da darar Turawa: in doki ya ɓata, kowane tarkace aka aje a gurbinsa ya zama doki, muddin ƴan wasa sun yarda. Tsofaffinmu masu dara a gindin itace ranar Lahadi, ranar kasuwar Filinge, sun riga shi sani, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa ko kashin raƙumi. Ƙimar ɗa a cikin doka take. To in haka ne, mai sharhin wasa dokar zai duba, yadda mai nazarin harshe ke duba nahawu: wa doka ta ba ikon aikatawa, wa ta bari a aikata a kansa, wa ta manta da shi kwata-kwata.

Yaƙin da muka fi bugawa shi ne na Tarafalga. Ranar 21 ga Oktoba 1805, a gaɓar kudancin Sipaniya, manyan jiragen Ingila 27 ƙarƙashin Nelson suka gamu da 33 ƙarƙashin Villeneuve, 18 na Faransa, 15 na Sipaniya. Ko sunan wurin ba baƙo ba ne a kunnenmu, daga Larabci ya fito, farkonsa ɗaraf, wato gefe ko bakin ƙasa, kamar yadda amiral na Faransanci ya fito daga amir, wanda muke ji a Amiru. Al'adar lokacin ita ce rundunoni biyu su jeru, wannan layi daura da wancan, su yi ta ɓarin wuta, domin igwogin jirgi a haƙarƙarinsa suke, gabansa da bayansa kusan tsirara ne. Nelson ya ƙi wannan. Ya raba jiragensa layi biyu, shi a gaban ɗaya cikin Victory, Collingwood a gaban ɗayan cikin Royal Sovereign, suka tunkari layin abokan gaba suka tsinka shi gida uku. Kafin faɗuwar rana Faransa da Sipaniya sun rasa jirage 18, Ingila ba ta rasa ko ɗaya ba. Nelson kansa harsashi ya same shi daga saman jirgin Faransa mai suna Redoutable, ya mutu da la'asar.

Bari in fara da yabo, don wasan ya cancanta. A aji, in mushe ya ce Nelson ya tsinka layi, ka rubuta, ka haddace, ka manta. A kan tabarma kuwa a cikinka za ka ji tsinkawar. Ran nan iskar ba ta da ƙarfi, jiragen tafiyar mai ƙafa suke yi, Victory ya yi wajen minti 40 yana shan wuta bai iya ramawa ba. In kai ke riƙe da shi, zagaye bayan zagaye kana turo shi kaɗan-kaɗan, abokinka yana jefa ɗan ludo yana dariya, kai ba ka da ta cewa. Nan za ka gane dabarar kasada ce: Nelson ya dogara ne kan cewa maharban abokan gaba ba su kai nasa ƙwarewa ba, kuma igiyar ruwa za ta ɓata masu saiti. Za ka kuma gane iska ce sarauniyar filin. Jirgin filafilai ba ya shiga cikin iska kai tsaye, sai ya yi ta karkacewa dama da hagu. Manomin Kurfai ya san irin wannan mulki, shi ma ba ranar da ya ga dama yake shuka ba, sai ranar da sama ta ga dama. Gani ya kori ji, wallahi awa biyu a kan tabarma sun koya mani abin da shafi ashirin ba su koya ba.

Batun ba mu da teku kuwa, ba hujja ba ce. John Clerk na Eldin, mutumin Sikotland, bai taɓa aikin jirgin yaƙi ba, amma da ƙananan jirage a kan tebur ya yi nazarin dabarun yaƙin ruwa har da tsinka layi, ya rubuta littafi a kai wanda ya fito a 1790, hafsoshin ruwan Ingila suka karanta. Mu ma ai a gadon tsohon kogi muke zaune, Dallol Boso, wanda ya gangara har ya haɗu da kogin Isa wajen Bumba. Kalmar komi da muke kiran abin shayar da shanu a bakin rijiya, ita ce masu bakin kogi ke kiran ƙaramin jirgi da ita.

Yanzu ga aibobi, guda uku na gani. Na farko, wasan yana ba ɗan wasa idon shaho. Kana tsaye sama da teku, kana ganin jirage 60 lokaci guda, abin da ka so shi jirgi zai yi nan take. A ainihin yaƙin da tutoci ake ba da umarni, hayaƙin albarushi kuwa ya rufe kome. Gaban rundunar Villeneuve, wajen jirage 10 ƙarƙashin Dumanoir, an bar su can gaba ba abokin faɗa. Kafin su juyo an ci lokaci mai tsawo, wasu sai da aka sauke kwale-kwale aka ja hancinsu, suka iso an kusa gamawa. A fadarmu duk wanda ya riƙe Faransa ya san tarihin, tun zagayen farko yake juyo da su, sai ga Nelson cikin tarko. To wannan ai dara ce. A dara gurbi 30 ne, kowa da ƴaƴa 12, kome a fili, ba ɗan ludo, ba ɓoyo, kuma dara ba ta taɓa cewa ita tarihi ce ba. Abin mamaki, wasan yaƙin da Reisswitz ya miƙa wa sojan Furusiya a 1824 ya fi namu gaskiya a nan: akwai alƙali a tsakiya, shi kaɗai ya san kome, ɗan wasa ba ya ganin sai abin da sojansa za su iya gani.

Aibi na biyu shi ne ya fi damuna, kuma a wurin fassara na gamu da shi. A kusan kowace jimla ta dokokin, aikau jirgi ne. Jirgi ya juya, jirgi ya harba, jirgi ya miƙa wuya. Mutane ba su taɓa zama aikau ba, a karɓau kawai suke fitowa, kuma ba suna ba fuska: ƴan akwatuna ne a takarda, in ɗan ludo ya nuna shida ka soke biyu da bik. Redoutable ya shiga yaƙin da mutum 643. Bisa rahoton kyaftin ɗinsa Lucas, 300 sun mutu, 222 sun ji rauni. A takardarmu wannan akwati biyar ne cikin shida, ƙyas ƙyas, an wuce. Hausar ma tana taimaka wa mantuwar. Da aikatau ɗaya muke ci tuwo, ci dara, ci gari da yaƙi. In na ce wa abokina "na ci maka jirgi", daɗin tuwo nake ji a baki.

Su wane ne cikin akwatunan? Da yawa kama su aka yi da ƙarfi a tashoshin ruwa aka sa su aikin. Akwai yara ƙanana masu kai albarushi daga ƙasan jirgi zuwa bakin igwa. Kafin a fara, yashi ake watsawa a daɓe don kada ƙafa ta zame a kan jini. Cikin mutum 800 da wani abu na Victory akwai baƙaƙen fata daga Karebiya da Afirka, kuma a gindin ginshiƙin Nelson da ke Landan, a hoton tagulla na mutuwarsa, an sassaƙa baƙin matuƙi riƙe da bindiga. Wannan fa a 1805 ne, saura shekara biyu Ingila ta haramta fataucin bayi a 1807. Mutumin nan yana yaƙi ƙarƙashin tutar da ke kan jiragen da ke jigilar ƴan uwansa. Doka ba ta da gurbin wannan. A ɓangaren Ingila wajen mutum 450 suka mutu, a ɗaya ɓangaren sama da 4,000.

Aibi na uku, wasan yana ƙarewa da wuri. Da igwa ta yi shiru sai a ƙidaya maki, a tafa, a zuba shayi na uku. A tarihi kuwa bayan yaƙin guguwa ta taso ta yi kwanaki. Cikin jiragen da Ingila ta kama, huɗu kawai suka isa Jibralta. Sauran wasu sun nutse, wasu sun fashe a gaɓa, wasu masu su sun ƙwace su, wasu an ƙone su. Redoutable ya nutse washegari da masu rauni a cikinsa. A kwanakin nan matuƙan Ingila sun sa ransu a haɗari suna tsamo waɗanda suka harba jiya, mutanen birnin Kadis kuma sun yi jinyar waɗanda ruwa ya jefo ba tare da duba tuta ba. Na bi dokokin daga farko har ƙarshe, aikatau "ceta" babu shi a nahawun wasan.

Wani zai ce haba, ai wasa ne. Mu Kurfayawa muna da dalilin sa ido kan mutumin da ke tsaye bisa tebur da rula a hannu. Ƙasashen nan biyu da suka gwabza a Tarafalga su ne daga baya suka zauna suka raba ƙasar Hausa. A 1890 suka ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin tabkin Cadi. A 1898, a Paris, suka kafa tsinin ma'auni a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, wajen kilomita 160, abin da ke ciki na Ingila. Wannan ya bar Faransawa da hanyar arewa mai ƙarancin rijiyoyi in za su Damagaram, kuma yana cikin dalilan da suka sa ayarinsu ya riƙa bi ta Filinge da Tawa, har aka sake gyara iyakar a 1904 da 1906. Masu zanen ba su san sunan kakan kowa ba a cikinmu. Mu ne akwatunan da ke takardar. Shi ya sa yau ni nake rubutu da bik, ɗan uwana na Argungu yana rubutu da biro.

Kuma ƙasarmu ta taɓa yin nata kwaikwayon soja, ta ga abin da ya biyo baya. Ba batun aƙida nake ba, tarihi nake. A 1925, a Shikal cikin Kurfai, wata mata mai suna Shibo ta fito da sababbin iskoki waɗanda aka sani da Hauka ko Babule. Masu bin ta, yawanci matasa, suka ɗauki muƙaman Nasara: Gomno, Zeneral, Kapral Gardi, Lokotoro. Suna fareti, suna ƙamewa, suna ba da umarni, kuma suna juya wa Gado Namalaya baya, sarkin da Faransawa suka ɗaure wa gindi. Kumandan Crocicchia na Yamai bai ce ai wasa ne ba, kama su ya yi ya kulle. Sai shi ma suka maida shi ɗaya daga cikin iskokin, Kumandan Mugu. Ku lura da wani abu: cikin manyansu akwai Zeneral Maliya da Gomno Maliya, wato janar da gwamnan Bahar Maliya. Ashe tun shekara ɗari da suka wuce akwai janar na teku a tunanin mutanen da ba su da teku. Daga Kurfai abin ya bi ƴan ci-rani har Akara, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous na 1955, ana ganinsu da bindigogin itace, kuma hukumar Ingila a can ta hana nuna shi. Bambancinsu da mu a fili yake. Mu muna tsaye sama da tebur muna kwaikwayon amiral. Su daga cikin akwati suka fito, karɓau ya ƙwace gurbin aikau, shi ya sa mai mulki ya tsorata.

Yanzu mu dawo ga tambayar mai nauyi. Ranar 10 ga Disamba 2019 a Inates an kashe sojan Nijar 71. Ranar 9 ga Janairu 2020 a Shinagodar an kashe 89. Ku sake karanta jimlolin nan biyu da idon nahawu. "An" ya ɓoye aikau, lamba ta haɗiye karɓau. Nahawun takardar jirgi ke nan sak, kuma shi muke ji a rediyo tun muna lise har kunnenmu ya saba. Wanda ke da wa ko ƙane a soja, ko wanda danginsa suka bar gona suka gudo gari, in ya ce ba zai iya zama ya jefa ɗan ludo a kan rayuka ba, yana da gaskiyarsa, kada a matsa masa. Ba kuma zan ce wasa yana kawo zaman lafiya ba. H. G. Wells ya fitar da littafin dokokin wasan ƙananan soja, Little Wars, a 1913, yana ganin wanda ya buga shi zai gane wautar babban yaƙi. Shekara ɗaya bayan nan Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Abin da nake cewa ƙarami ne: a kan tabarma kaɗai ne dokar yaƙi take hannunmu, muna iya karanta ta, mu gano wanda ta soke, mu sake rubuta ta.

Saboda haka ga gyara huɗu ga duk fadar da ke son gwadawa. Na ɗaya, a naɗa alƙali. Kowane amiral ya rubuta umarninsa a takarda ya miƙa, umarnin ba zai isa ba sai bayan zagaye biyu, in hayaƙi ya shiga tsakani alƙali ya yaga shi. Za ku ga yadda girman kai ke sauka. Na biyu, a rubuta a kan kowane akwati yawan mutanen da ke cikinsa, mai sokewa kuma ya faɗi adadin da bakinsa kowa ya ji. Na uku, kada a tashi sai an buga guguwar: zagaye uku bayan igwa ta yi shiru, kuma makin wanda ya tsamo mutane ya kai na wanda ya kama jirgi. Na huɗu, a kawo wasan gida. Sonni Ali, wanda ya mulki Songai daga 1464 zuwa 1492, yana da rundunar jiragen kogi da Sorkawa ke tuƙawa, shugabanta na da sarautar Hi-koy, kuma da ita ya yi wa birnin Jenne ƙawanya. A can cikar kogi da janyewarsa su ne za su zama iska. Mu ma a Dallol akwai yaƙe-yaƙen doki da raƙumi na ƙarni na 19 tsakanin Kurfai da maƙwabta irin su Imanan da Tagazar, kuma tsofaffin da suka ji labarin daga bakin kakanninsu suna ƙarewa. Wanda ya je hutu ya ɗauki salula ya zauna da su. Ya tambayi wa ya ci, ya kuma tambayi rijiya nawa aka bari, rumbu nawa aka ƙone, su wa aka kama aka tafi da su, da yadda aka yi sulhu daga baya, don a ji ta kowane ɓangare ba ta namu kaɗai ba.

Dokar da za ta fito daga wannan aiki za ta fi ta intanet tsawo, wasan kuma zai rage daɗi, na sani. Amma ɗalibin da ya saba tambayar takardar wasa "wa aka soke a nan?", gobe in ya ji sanarwa ta fara da "an", zai tambayi wa ya yi, zai kuma nemi sunayen waɗanda aka yi wa.